Wayar hannu za ta iya kare ma'aikaci daga ciwon zuciya?

Ɗan Banki: Salamu alaikum. Ina nan a kan bakana: duk ma'aikacin da ke wuni a kujera, manhajar lafiya ta waya za ta iya kare shi daga ciwon zuciya. Sai da na buɗe manhajar Google Fit mai ƙirga taku na ga ashe takuna bai kai 2,000 ba a wuni. Daga gida sai mota, daga mota sai teburi. Yanzu bayan Magariba sai na zaga unguwa nake shiga gida.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Yaya, tafiyar ce ta amfane ka, ba wayar ba. Ni tawa a jaka take wuni. In yi awa biyar ina kai-komo gaban ɗalibai, in duba ta ce ban motsa ba.

Ɗan Banki: Da ban ga lissafin da idona ba, wallahi da ban tashi ba.

Malam Tela: To mu da muke kan keken ɗinki tun safe, ina za mu samo taku 10,000 da ake cewa a yi kullum?

Anti Nas: Malam, kada wannan adadin ya karya maka gwiwa. Daga tallan wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan, wajen 1965. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Tafiyar sauri ta minti 30, kwana biyar, ta wadatar.

Abin da ke tayar min da hankali daban ne. Manhajar da ke ƙirga taku ko tuna maka shan magani, ba ni da ja da ita. Amma wadda ke cewa ɗora yatsa a kan kyamara ta auna maka jini, ku guje ta. A 2016 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gwada wata mai suna Instant Blood Pressure, suka tarar kusan mutum huɗu cikin biyar masu hawan jini tana ce musu lafiyarsu ƙalau. Na taɓa karɓar wani magidanci da ya ajiye maganinsa saboda irinta. Da na ɗaura masa abin awo a damtse, na cire, na sake ɗaurawa, don ban yarda da abin da na gani ba. Hawan jini ba ya sallama, wani sai ɓarin jikinsa ya shanye ake sani.

Baban Yara: Ga kuma abinci. An ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Wace manhaja ce ta san dunƙule nawa aka jefa a miyar kukar da na ci a bakin ofis, balle yajin tsire?

Ɗan Banki: Anti, amma a Ostareliya an yi gwaji da mutum 710, ana tura wa rabinsu saƙon shawarar kula da lafiya sau huɗu a mako har wata shida, jininsu ya sauka. A 2015 aka wallafa shi.

Anti Nas: Gaskiya ne, ƙanena. Sai dai saƙon tes ne, ba manhaja ba, kuma mutanen dama suna da ciwon zuciyar, suna hannun likita. Kai yaushe rabonka da awon jini?

Ɗan Banki: Tun gwajin ɗaukar aiki.

Anti Nas: To gobe kafin ka wuce ofis ka biya kemis ko asibitin unguwa. Ka zauna minti biyar ka huta tukuna, kada ka sha kofi. In ya kai 140 bisa 90, ka sake aunawa wata rana, in ya maimaita ka ga likita. Lambar kuwa ka adana ta a manhajar taka, nan take da amfani.

Ɗan Banki: In Allah Ya kai mu, da safe zan je.