Gilashin rufin motata ya maƙale a buɗe, ga damina ta kawo kai

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Motata 'yar Kwatano ce, ƙirar 2008, mai gilashi a rufi. Na zuge shi ya tafi rabi ya tsaya, ya ƙi gaba ya ƙi baya. In na danna maɓallin ina jin ƙas-ƙas a sama amma ba ya motsi. Yanzu leda na ɗaure a kai, ga hadari kullum sai ya haɗo a Kano. Kwanan baya aka sauya min batir, ko shi ne sila?

Wani mai gyaran wayarin mota: Wa alaikumus salam Alhaji. Da farko ka daina dannawa. Tunda kana jin ƙara, wuta tana isa, ba fiyus ba ne. Ƙaramin injin da ke zuge gilashin yana juyawa ne wani abu ya tokare shi, kuma haƙoran da ke jan wayar ƙarfen da ke tura gilashin ƙanana ne, in suka cinye aikin ya girma. Gaskiya ne wasu motocin kan manta iyakar gilashin in an cire batir, sai a danne maɓallin ɗagawa a riƙe har ya saita kansa, amma irin wannan ba ya zuwa da ƙas-ƙas.

Wani direba daga Zariya: Malam, ƙurar hunturu ce. Tana haɗuwa da tsohon giris a kan layin da gilashin ke bi, ta daskare kamar laka. Hau ka leƙa da tocila gefe biyu, wani lokaci har tsakuwa ko ƙwallon darbejiya za ka tarar. A goge da tsumma da tsohon buroshin haƙori, sannan a shafa man silikon kaɗan. Ban da baƙin mai, shi ke ƙara kiran ƙura.

Mai gyaran wayarin: Haka ne. Don ka samu ka rufe yau, a cire murfin da fitilar ciki take. A motoci da yawa akwai rami a jikin injin da ake sa makullin alen, wato ɗan ƙarfen nan mai kusurwa shida, a murɗa da hannu. A hankali, in ka ji ya cije ka tsaya. Idan wayar ta tsinke, ana neman ta Beljiyam a Ƙofar Ruwa, ka tafi da tsohuwar a gwada.

Wata mai mota: Yayana, kada ka bari a ce maka a liƙe shi da gam kawai a huta. Ko a rufe yake, ruwa kan ɗan ratsa robar gefen gilashin, shi ya sa aka yi masa magudanai a kusurwoyi huɗu. Bayan an gyara, ka zuba ruwa kaɗan a kowace kusurwa ka ga ko zai ɗiga ta ƙarƙashin mota. In bai fito ba ta toshe, a zura siririyar igiyar roba a buɗe ta, ba ƙarfe ba, don yana fasa tiyon magudanar.