Wuyana da kafaɗuna sun ƙi saki wata bakwai, an ce damuwa ce. Tausa za ta yi mini magani?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki, shekarata 36, 'ya'yana huɗu. Wata bakwai ke nan wuyana da kafaɗuna suka ɗaure tamau. Idan na tashi da asuba ji nake kamar na kwana da tulu a ka. Kafin la'asar ciwon ya hau ƙeya ya zagayo goshi, kamar an tamke mini ɗankwali da ƙarfin tsiya. Maigida ya ce yana jin ina cizon haƙora cikin barci, ni ma nakan farka in ji muƙamuƙina ya gaji.

Na je asibiti sau biyu. An auna jinina, 128 bisa 82, an yi gwajin maleriya da taifot, babu komai. Likita ya tambaye ni ko akwai abin da ke damuna, na ce masa babu. Amma a gaskiya akwai. Uwar mijina ta samu shanyewar ɓarin jiki bara, tana wajenmu, ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki. Ba na ƙorafi, uwa ce. Sai dai tun da aka cire tallafin mai a 2023 shagon maigida bai koma daidai ba, rabin cefanen gidan a kan kekena yake. Yanzu kullum sai na sha maganin ciwo, diclofenac, kafin in iya zama a kan keken.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na shekaranjiya. Babbar 'yata, shekararta 14, ta ga ina ta murza wuya bayan isha'i, ta ɗauko man kaɗanya ta ce, "Umma, kawo in matsa miki." Ta ɗora babban yatsanta a wani wuri tsakanin wuya da kafaɗa, wani ƙulli mai tauri kamar ƙwallon goruba, ta danna a hankali. Wallahi sai na ji hawaye na zuba. Ba zafi ba ne ya sa ni kukan, ban ma san daga ina ya fito ba. Yarinyar ta tsorata ta janye hannu, na ce ta ci gaba. Daren nan na yi barcin da na manta rabona da irinsa. Jiya da rana kuma ciwon ya dawo.

To 'yan uwa, da gaske damuwa tana iya zama a cikin naman jikin mutum haka? Tausa magani ce ko lallashi ce kawai? Kuma yaya ake yin ta a gida ba tare da an ji wa mutum ciwo ba? Ba ni da kuɗin zuwa wuraren tausa na zamani.

Maman 'Yan Biyu:
Allah sarki 'yar uwa, Allah Ya ba ki lada Ya ba Hajiya lafiya. Ina karantawa ina taɓa tawa kafaɗar.

Hajiya Kaka:
'Yata, wannan abin da kika ji ba sabo ba ne. A zamaninmu idan mace ta wuni a bakin turmi, da dare sai ta kwanta rub da ciki a tabarma ta kira ƙaramin yaro ya taka mata baya. Mai jego kuma ungozoma ke zuwa ta gasa ta da ruwan zafi ta murza ta da man kaɗanya ko alayyadi. Ana murzawa ana hira, a nan ne mace ke faɗin abin da ba ta iya faɗa wa kowa. Yanzu kowa ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa. Kukan nan da kika yi, ki bar shi ya fito, kada ki ji kunyar 'yarki. Allah Ya yi mata albarka.

Uwargida:
Ni dai shawarata ki nemi wanzami ya yi miki ƙaho a ƙeya, mataccen jini ne ya taru. Kuma ki haɗa da tofi, don irin wannan ciwon da asibiti ba sa gani ba a rasa hannu a ciki.

Anti Nas:
Uwargida, da girmamawa, asibiti sun gani. Likitan da ya tambaye ta ko akwai abin da ke damunta ya riga ya gane inda matsalar take, ita ce ta ce masa babu. Tofi da addu'a ba wanda zai hana, amma kada mu sa mata zargin mutane a kan nauyin da take ɗauke da shi.

Ƙanwata, amsar tambayarki ta farko ita ce e, kuma ba camfi ba ne. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke sakin sinadarai biyu, adrenalin da kotisol, duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta hango haɗari. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya koma sama-sama, tsokoki su ɗaure don a gudu ko a kare kai. Ki tuna yadda kafaɗunki ke ɗagewa idan aka buga ƙofa da ƙarfi ba zato. Idan kare ne ya biyo ki, minti kaɗan abin ya wuce, jiki ya saki. Amma kuɗin makaranta, da majinyaciya a ɗaki, da mai kayan da ke ta kiran waya, ba sa wucewa. Sai jikin ya zauna a shirye dare da rana, har ki daina jin cewa a ɗaure kike. Wuya, kafaɗa, muƙamuƙi da ƙasan baya ne suka fi ɗauka. Ciwon kan nan mai kama da ɗaurin ɗankwali shi ne ya fi kowane irin ciwon kai yawa a duniya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a rubutunki shi ne diclofenac ɗin nan na kullum. Yana cin bangon ciki har ya kawo olsa ko zubar jini, yana kuma wahalar da ƙoda. Sannan wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yana iya zama sanadin ciwon kan. Ki koma wajen likitan, ki gaya masa wata nawa kika yi kina sha, kuma wannan karon ki faɗa masa gaskiyar abin da ke gida. Idan wani mai kemis ya miƙo miki tramadol, kada ki karɓa.

Amarya:
Anti Nas, ni fa mai askin maigidana yana murɗa masa wuya ya yi ƙas, ya ce yana jin daɗi sosai. Ko ita ma ta gwada?

Anti Nas:
A'a, don Allah kada ta gwada, shi ma ki hana shi. Jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta cikin wuya suke bi. Ba kasafai ba ne, amma murɗawa da ƙarfi tana iya yaga ɗaya daga cikinsu, a samu shanyewar jiki.

Mai Gashin Ƙashi:
Wa alaikumus salam. Aikina ke nan a asibiti, kuma teloli na cikin waɗanda na fi gani da wannan ciwon, musamman idan Sallah ta matso. Naki ya haɗa biyu ne, Yaya, ga damuwa ga zaman keke. Kan babban mutum ya kai kilo 5. Idan yana zaune daidai bisa wuya ba a jin nauyinsa, amma da kin sunkuya kina bin allura da ido, tsokar da ta taso daga ƙeya ta bazu zuwa kafaɗu ce ke riƙe shi, awa shida, awa takwas. Ƙara da ɗaga Hajiya. Wurin da 'yarki ta danna, a kan wannan tsokar yake.

Ga yadda za ku yi. Ki zauna a kujera ki juya ta, ki ɗora hannuwa da goshi a kan matashi. A fara da gashi: a tsoma tawul a ruwa mai ɗumi, a matse, a ɗora a kafaɗu na minti 10. Ita mai yi ta fara gwada zafin a bayan hannunta. Sai ta narka man kaɗanya a tafinta, kada ta ɗora shi da sanyi. Ta fara da shafa da dukan tafi, daga ƙeya zuwa bakin kafaɗa, a hankali, kamar sau goma, har fatar ta yi ɗumi. Daga nan ta kama naman kafaɗar tsakanin yatsu da tafi tana matsawa tana saki, yadda ake cuɗa ƙullin fulawa. Idan ta iso kan ƙullin, ta ɗora babban yatsa ta danna ta tsaya cak, ke kuma ki ja numfashi ta hanci ki sake shi a hankali ta baki, fitar ta fi shigar tsawo. Bayan numfashi huɗu ko biyar za ku ji wurin ya ɗan yi laushi, sai ta ɗaga. Ta ƙarasa da shafa kamar yadda ta fara. Minti 15 ya isa.

Ma'aunin ƙarfin shi ne fuskarki. Idan kina yamutsa fuska ko kina riƙe numfashi, ya yi yawa, don tsokar da aka ji wa zafi ƙara ɗaurewa take yi. Mutanenmu suna ganin sai an yi ihu tausa ta shiga, ba haka ba ne. Kada ta danna kan ƙashin baya, gefensa ake bi. Kada ta taɓa gaban wuya. Idan kun sa man zafi irin su Robb, kada a bi shi da tawul mai zafi, yana ƙona fata.

Na muƙamuƙi kuwa da kanki za ki yi. Ki cije haƙora, za ki ji nama ya kumburo a gaban kunne. Ki saki, ki murza wurin da yatsu biyu kina zagayawa, baki a ɗan buɗe. Da rana kina ɗinki ki riƙa dubawa: leɓe a haɗe, haƙora ba sa taɓa juna.

Sai tambayarki ta biyu. Ba zan ɓoye miki ba, sauƙin tausa na ɗan lokaci ne, awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa ya dawo miki. Amma ba lallashi ba ce. Tana sa numfashi ya sauka, bugun zuciya ya lafa, a samu barci, barcin kuma shi ke gyara sauran. Abin da zai sa sauƙin ya daɗe shi ne ki tashi daga kan keke duk bayan rabin awa ko da na minti biyu ne, ki juya kafaɗu baya, ki ƙara haske a kan allura don ki rage sunkuyo. Wajen juya Hajiya, ki shimfiɗa zani a ƙarƙashinta ku ja shi ku biyu, ki lanƙwasa gwiwa maimakon baya. Idan kina Kano, akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, za a nuna miki yadda ake ɗaga ta, ita ma tana buƙatar motsa gaɓoɓin nan.

Anti Nas:
In ƙara don sauran masu karantawa, akwai inda ba a tausa sam. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo a sha-raɓa, musamman ga mai jego ko wanda ya daɗe a kwance kamar Hajiya: yana iya zama gudan jini, idan aka murza ya ɓalle ya tafi huhu. Wuya ya sandare tare da zazzaɓi da amai, musamman lokacin zafi: a yi zaton sanƙarau, a tafi asibiti a take. Haka ciwon ƙirji mai sauka hannu, ko hannu ya mutu ya rasa ƙarfi, ko ciwon kai mai tsanani da ya faɗo lokaci guda. Mai ciwon suga kuma ta yi hattara da ruwan zafi, don takan ƙone ba ta ji ba.

Malama:
'Yar uwa, kowa ya yi maganar wuya, ni zan yi maganar gida. Hajiya tana da wasu 'ya'yan? Ina suke? Jinyar uwa a kan 'ya'yanta take, abin da kike yi kyautatawa ce, kuma neman a taya ki ba rashin haƙuri ba ne. Ki sami maigida a lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ce masa jikinki ya fara gazawa, a raba kwana da 'yan uwansa ko a haɗa kuɗi a samo mai taimako. Ki riƙe addu'ar da Manzon Allah (SAW) ya yawaita, "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan." Idan kuma kika ga kukan ya zama na kullum, abinci ya fita ranki, abin da kike so a da ya daina yi miki daɗi har sama da mako biyu, ki gaya wa likita wannan ma. Ciwon damuwa ne, ana maganinsa, ba hauka ba ne.

Uwargida:
To Allah Ya sa mu dace. Maganar Malama gaskiya ce, ni ma na yi jinyar surukata shekara uku, ba wanda ya taɓa tambayata ya jikina.

Mai tambaya, ta hannun Admin:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa. Kwana biyar ke nan muna yi yadda Mai Gashin Ƙashi ta ce, bayan isha'i, ni da 'yata. Ƙullin dama ya yi laushi, na hagu yana nan. Na koma asibiti na gaya wa likitan komai, ya dakatar da diclofenac ɗin, ya ce in dawo bayan mako biyu. Maganar da ta fi yi mini wuya ita ce ta maigida, sai da na kwana uku ina juya ta. Da na faɗa masa ya yi shiru, can ya ce bai san abin ya kai haka ba. Ƙanwarsa ta karɓi Asabar da Lahadi, yayansa bai ba da amsa ba tukuna. Na kuma mayar wa mutum biyu atamfofinsu, na ce ba zan iya gamawa kafin Sallah ba.

Anti Nas, ƙafar Hajiya ta hagu takan ɗan kumbura da yamma, ba zafi, kuma takan saɓe da safe. Dama ina matsa mata ita kullum. In dakata sai an duba ta?

Anti Nas:
E, ki dakata. Ki ɗora ƙafar a kan matashi, ku kai ta a duba cikin makon nan. Idan ta yi zafi, ko kumburin ya ƙi saɓewa, ko numfashinta ya canza, kada ku jira gari ya waye.