Don Allah wa ya san maganin ciwon jijiyar fuska?

Assalamu alaikum jama'a, musamman likitoci da nas-nas da ke nan. Mahaifiyata ce a nan Gombe take fama da ciwo a kumatun dama har zuwa muƙamuƙi, tana cewa kamar an jona mata wayar lantarki, ya zo ya tafi cikin daƙiƙu amma wallahi in ya tashi ko magana ba ta iya yi. Abin da ke tayar da shi ba wani abu ba ne, alwala, asuwaki, tauna tuwo, yanzu kuma da hunturu ya shigo iska kawai ta taɓa fuskar shikenan.

Da farko an ce haƙori ne aka cire, ciwon bai ko motsa ba. Daga baya wani likita ya ce jijiyar tirajeminal ce, mai rassa uku a fuska, wai wani lokaci jijiyar jini ce ke danne ta har rufinta ya lalace, sai taɓawa kaɗan ta riƙa aika wa ƙwaƙwalwa saƙon zafi mai tsanani, shi ya sa Panadol da diklofenak ba sa yi mata komai. Ya ɗora ta a kan Tegretol, ya ɗan lafa, amma jiri da barci sun hana ta sakat, ga shi tana tsoron cin abinci duk ta rame.

Jirin nan yana raguwa in jiki ya saba, ko sai an canza magani? Kuma hoton MRI dole ne kafin a san mataki na gaba? Wane likitan jijiya za mu nema tsakanin Gombe da Bauchi?