Da gaske ne rashin potasiyom na kawo ciwon damuwa da faɗuwar gaba?

Maman Hafsa, Sabon Gari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya kai ni maƙura. Ni malamar lakwal ce a nan Damagaram, shekarata 38, 'ya'yana huɗu. Tun bazarar da ta wuce ban gane kaina ba. Ina tsaye gaban allo da alli a hannu sai in ji gabana ya yanke ya faɗi, zuciya na dukan uku-uku, kamar an aiko mini da mugun labari. Da dare in kwanta, idona biyu har kiran assalatu. Ni da ba a biki ko suna a unguwarmu ba ni, yanzu ko aminiyata ce ta kira sai in kife wayar a kan katifa in bar ta tana ta kuka.

Abinci kuwa ba a magana. Da safe shayi da burodi, da rana taliya ko farar shinkafa da mai da yaji da Maggi, da dare in zuba wa yara in koma gefe.

To ƙanena da ke Yamai ya turo mini wani bidiyo ta WhatsApp, wani mai farar riga yana cewa rashin potasiyom ne ke jawo ciwon damuwa da fargaba, a riƙa cin ayaba. Gwaggona tana zaune tana ji, sai ta ce ai potas ɗin nan kanwa ce, mu da muke da ita a gida. Ta jiƙa mini jar kanwa a kofi, na sha kwana uku. Ban ga komai ba sai ɓacin ciki. Don Allah masu sani, maganar bidiyon nan gaskiya ce? In je farmasi in sayi ƙwayar potasiyom, ko in ci gaba da kanwar Gwaggo?

Tsohon Majo, Birni:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Kafin komai, ajiye kanwar nan, kuma kada ki sayi ƙwayar potasiyom da kanki. Na yi shekaru a gidan likita kafin in yi ritaya, kuma ƙwayar nan tana cikin magungunan da ba ma wasa da su. Potasiyom wani sinadari ne da jiki ke samu daga abinci, kuma a awon jinin mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5. In ya sauka ƙasa sosai zuciya ta rikice, in ya hau sama sosai tana iya tsayawa. Mai ciwon ƙoda, ko mai shan maganin tansiyo irin su captopril da spironolactone, shi ne ya fi shiga haɗari, domin jikinsa ba ya zubar da rarar yadda ya kamata.

Sai maganar bidiyo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an ƙara mata gishiri. An yi bincike a ƙasashe irin su Amurka da Koriya ta Kudu, aka tambayi dubban manya abin da suke ci da yadda suke ji a ransu, aka ga waɗanda abincinsu ya fi yawan potasiyom sun fi ƙarancin alamun ciwon damuwa. Iyakar abin ke nan: an ga biyun suna tafiya tare. Ba a nuna wanne ya jawo wanne ba. Ki duba kanki ma. Ke da kanki kin ce tun da abin ya same ki kika koma shayi da burodi. To damuwar ce ta kore ki daga tukunya, ko rashin tukunyar ne ya kawo damuwar? Irin wancan bincike ba ya iya raba wannan gardama. Ga shi kuma mai cin wake da ganye da 'ya'yan itace kullum galibi yana da ɗan abin hannu da kwanciyar hankali a gida, su ma suna da nasu tasiri.

Wanda na fi ba wa nauyi shi ne gwajin da aka yi a Ostireliya aka fitar a 2017, ana ce masa SMILES. Mutum 67 masu ciwon damuwa, aka raba su biyu tsawon mako 12. Rukuni ɗaya aka koya musu gyara abinci, ɗayan aka riƙa zama ana hira da su kawai. A masu gyaran abinci kusan kashi 32 cikin ɗari suka warware, a ɗayan kashi 8. Amma ki lura, abincin gaba ɗaya aka gyara, ba potasiyom aka ware aka ba su ba, yawancinsu kuma suna kan maganinsu ko ganin likitansu. Mutum 67 kuma ba su da yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla miligiram 3,510 na potasiyom a rana. Ayaba matsakaiciya ba ta wuce 420 ba, sai kin ci takwas da wani abu, ga tsadarta a Kasuwar Dole tun da daga kudu ake kawo ta. Ba ki bukatar haka. Dabino giram 100 yana da wajen 650, gujiya wajen 700. Wake, dankali, kabewa, tumatir, zogale, garin kuka, duk suna da shi. Farar shinkafa da taliya ne ba su da abin kirki.

Amma 'yata, abin da kika lissafa, rashin barci da gudun mutane da rashin jin daɗin komai na tsawon watanni, ya wuce maganar dabino. Ki je a gan ki, a auna tansiyo, a duba ko jininki ya yi ƙasa, a duba maƙoƙo, domin ƙarancin jini da maƙoƙo duka suna sa bugun zuciya. Ki faɗa wa likita maganar zuciyar kamar yadda kika faɗa mana, kada ki tsaya a kan "jikina ba daɗi". In kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, kada ki kwana, ki faɗa wa wani a gida ya raka ki yau.

Mushen Kimiyya:

Baba Majo ya gama magana, ni kan kanwa kawai zan tsaya, don duk shekara sai na yi wannan rigima da ɗalibaina. Sunan ne ya yaudari Gwaggo. Ana kiran kanwa potas a bakin 'yan boko, amma abin da ya fi yawa a cikinta sodiyom ne, ɗan uwan gishirin miya. Wato abin da ake so a rage shi kika ƙara, a kan Maggi da gishirin da ke cikin taliya. Iyakar da aka sa wa babba giram 5 na gishiri a rana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

Abin dariyar, mai potasiyom ɗin na gaske yana bayan murhu: toka. Ruwan tokar karan gero da kakanninmu ke tacewa su sa a miya, shi ne. Sunan potasiyom ma daga tokar tukunya Turawa suka samo shi, bayan Humphry Davy ya ware shi a Ingila a 1807. Ban ce a je a sha ruwan toka ba fa, yana ƙona baki da maƙogwaro. Kar gobe a ce Mushe ne ya ce.

Dalilin da ya sa ake danganta shi da ƙwaƙwalwa kuwa, kusan kashi 98 cikin ɗari na potasiyom ɗin jiki yana cikin ƙwayoyin halitta ne, sodiyom yana waje. Musayar da suke yi ita ce ke tafiyar da saƙo a jijiya da bugun zuciya. Shi ya sa maganar take da daɗin ji. Daɗin ji daban, hujja daban.

Hajiyar Zango:

Ƙanwata sannu, Allah ya yaye. Ni na taɓa ainihin rashin potasiyom ɗin, bari in gaya miki yadda yake. Ina shan Lasilix saboda kumburin ƙafa, sai zawo ya kama ni ana tsakiyar zafi, kwana huɗu. Rana ta biyar na durƙusa zan ɗauki buta, ƙafafuna suka ƙi tashi. Sharaɓata ta ɗaure tamau kamar an murɗe igiya, hannuna ko murfin kwano ba ya riƙewa. Aka kai ni, aka auna, aka ce ya sauka, aka yi mini ƙarin ruwa. Kwana biyu na miƙe. Wannan mutuwar jiki ce, ba ta hana ni son ganin jikokina ba. Naki ya fi kama da abin da ke cikin rai.

Kuma shayin nan, kofi nawa kike sha, da wane lokaci? Maigidana in ya sha na fari mai ɗaci bayan isha'i, shi ma haka yake kwana yana juyi yana cewa gabansa na faɗuwa. Ki riƙe azkar ɗinki, ki kuma je likita, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Maman Hafsa, Sabon Gari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Majo, na bi maganarka, na je ranar Talata. Tansiyo lafiya, potasiyom 4.1, jinina ne ya ɗan yi ƙasa, an rubuta mini maganin ƙarin jini. Da likitar ta tambaye ni me ya faru kafin bazara, sai na kasa magana, na yi ta kuka a gabanta har ta miƙo mini hankici. Innarmu ta rasu wata biyu kafin abin ya fara. Ban rubuta muku ba, don a ganina tun da na yi haƙuri na karɓi ƙaddara, ba shi da alaƙa. Ta ce in dawo bayan mako biyu mu zauna sosai.

Hajiya, kofi huɗu ne, na ƙarshe wajen ƙarfe goma na dare. Na mai da shi biyu. Jiya na dafa wake da kabewa na ci rabin kwano, Hafsa har tana leƙen fuskata. Gwaggo dai ta ce kanwarta ce ta fara aiki sai yanzu, ban yi mata musu ba, na dai ɓoye kofin.

Mushe, tambaya ɗaya ta rage. In na tafasa zogale zan yi kwaɗo, ruwan da nake tsiyayewa in zubar, potasiyom ɗin yana bin sa ne, ko yana nan cikin ganyen?