Shin ƙananan RNA na da hannu a ramin zuciya na jarirai?

Ɗalibi, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum, malamai. An haifi ɗiyar yayata da rami a bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, in tana shan nono sai ta yi ta haki, gumi ya jiƙe goshinta. A aji an ce mana RNA sinadari ne da ke ɗauko saƙon gado a cikin ƙwayoyin jiki, kuma akwai RNA ƙanana da ba sa samar da furotin. To mene ne aikinsu a zuciya?

Malamar ilimin halittu, Argungu: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba ta lafiya. Ana kiransu maikuro-RNA, tsawonsu bai wuce kusan 22 daga cikin tubalan da ake gina RNA da su ba. Aikinsu shi ne su manne wa RNA mai ɗauke da saƙon furotin, su rage yawan abin da za a samar. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka gano su a jikin wata tsutsa a 1993, aka ba su kyautar Nobel a 2024. A zuciya, nau'o'in maikuro-RNA da ake kira miR-1 da miR-133 suna tsara girman ƙwayoyin tsoka, kuma da aka cire miR-1-2, wani nau'in miR-1, daga ɓeraye, wasu sun zo da irin wannan ramin. Amma ɓera ba mutum ba ne, kada ka ɗora wa miR-1-2 laifin lalurar yarinyar kai tsaye.

Likita, Gusau: Malama ta yi gaskiya. A wurin manya kuwa, miR-208a, wanda zuciya ce ke samar da shi, yana hauhawa a jini bayan tsokar zuciya ta lalace, sai dai har yanzu gwajin tiroponin, wato furotin na tsokar zuciya da ke shiga jini in ta lalace, muke dogaro da shi a asibiti. Ku kai yarinyar a yi mata hoton zuciya, domin ƙananan ramuka da yawa sukan toshe da kansu.