Kwalba Biyu a Jakar Ɗan Maraɗi

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan zaure. Kun ji ni shiru kwana 12, lafiya lau, aiki ne. Hutu ya zo ƙarshe, kuɗin ɗaki ya taso, sai na bi abokai daga Liyon muka je yankan inabi a wata 'yar gona ta miji da mata a yankin Bojole, a ƙasar Faransa. Ga labari, tambaya tana ƙarshe. Amsa-amon yau "bi" ne, wanda ya kauce ya biya goro.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai sa ƙwaya ta yi tsirowa,
Ku ba ni kunne, 'yan'uwa,
In ba ku labarin inabi.

Arewa da Liyon, a kan tudu,
Mu ashirin ne har da huɗu,
Wasu 'yan gabas, wasu 'yan kudu,
Kusan kowanmu ɗalibi.

Gamay ake kiran irinsa,
Baƙi wuluk ne a fatarsa,
Ka matsa, fari ne ruwansa,
Wannan ne farkon ajabi.

'Ya'yan ba su wuce gwiwa ba,
Ba mai yanka a tsaye ba,
Duƙe tun rana ba ta fito ba,
Ƙugu ya ce: wane irin zunubi?

Almakashi dama, bokiti hagu,
Ka ɗaga ganye ka yanke gungu,
Zanzaro na laɓe a lungu,
Sau uku yatsana ya sha harbi.

Mai goyon kwando na bin mu baya,
Mu juye masa, ya sha wuya,
Ya kai tarakta bakin hanya,
Ya dawo kafin ka ja carbi.

Inji ba ya shiga wannan gona,
Gungu ake so ɗungum, ba ɓarna,
A zuba a tanki kwana da kwana,
Haka suka gada, shi ne sababi.

Jiya mun kai layin ƙarshe,
Aka yi walima mai motsa harshe,
Da aka tashi, kafin a fashe,
Kowa aka ba shi nasibi.

An biya mu cif, ga takarda,
Sai kwalba biyu a kan lada,
Jar giya, wai don al'ada,
Na karɓa don gudun rashin ladabi.

Ni dai ban taɓa kurɓa ba,
Ga su a jaka, ban buɗe ba,
Barci ma bai zo mini ba,
Yaya zan yi? Ku ban jawabi.

Baba Mai Carbi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ɗaure mu da "bi", to mu bi.

Ɗana, sannu da rana, sannu,
Mai neman na kansa da hannu
Ya fi mai jiran a ba shi kunu,
Nan kam ba ka da aibi.

Inabi ni'imar Jalla ce,
A Abasa ga shi nan a rubuce,
A Nahli an sako shi a zance,
Shi da dabino, sahibi da sahibi.

Amma Ma'ida ta ja ƙofa,
Aya ta 90 ta kafa ƙafa,
Ku nisance ta, yaro da mai tsufa,
Wannan umarni ne wajibi.

Goma aka la'anta a kanta,
Mai matsa, mai sa a matsa ta,
Mai sha, mai ɗauka, mai sai da ta,
Haka ya zo daga bakin Annabi.

To kai ka yanka, ba ka matsa ba,
Amma ka san inda za shi, ko ba haka ba?
Ban ce kuɗinka wuta ne ba,
Na ce ka tuna akwai hisabi.

Kwalaben kuwa, nemi makwarara,
Ka tsiyaye, ka ɗauraye, ka ƙara,
Baɗi ka nemi aikin shara,
Ko tuffa, ita ma ana girbi.

Uwar Biyu ta Jos:
Baba, ina gaisuwa. Kun san ni Kirista ce, ba zan sa baki a hukunci ba, cocinmu ma ba ta yarda da sha ba. Amma na yi shekaru ina girki a gidan wasu Faransawa, na shirya musu teburin Kirsimeti ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kafin a kai kwata, bari ƙanena ya san abin da aka ba shi.

Ƙanena, sun girmama ka,
Gumin shekara suka ba ka,
Kamar manomi a garinka
Ya miƙa dami ranar girbi.

Launin daga ɓawo ake samun shi,
A bar ruwan ya kwana da shi,
Yis ya ci zaƙi, ya yi numfashi,
Sukari ya juye, ya sake laƙabi.

Ɓawon nan shi ke kawo bauri,
Irin na goro in ka ci da sauri,
Nama mai kitse da ɗan gishiri
Shi ke kwantar da shi galibi.

Duba sunan da ke kan takarda,
Yankuna goma ne manya bisa al'ada,
Morgon, Fleurie, kowa ya yarda,
Moulin-à-Vent ma na cikin babi.

Wadda kuka yanka, wata ba ta jira,
Alhamis ta uku ta Nuwamba a fara,
Sabuwa ce, ba ta yin shekara,
Wata biyu kacal bayan girbi.

Daren 24 ga Disamba,
Ba da ka ake zuba ta ba,
Ba kowace ke bin kowane nama ba,
Sai an duba, an yi zaɓi.

Talotalo in an gasa shi,
Nama fari, ba nauyi gare shi,
Mai sauƙin bauri ke bin shi,
Gamay ɗinka shi ne sahibi.

Cinyar rago ko ta sa,
Mai jini-jini, an ɗan gasa,
Bordo ake kira, ko Sira ta ƙasa,
Mai ƙarfi da mai ƙarfi, ba rabi-rabi.

Amma da yaji a kiyaye,
Ita da attaruhu, dambe a tsaye,
Harshe ya kama wuta a zagaye,
Kamar kunama ta yi harbi.

Ni teburina na Kirsimeti,
Shinkafa, kaza, cincin a faranti,
Zoɓo da citta cike da bokiti,
Shi ma ja ne, kuma ba hisabi.

Shawarata, ka miƙa wa wani maƙwabcinka Bafaranshe, ya yi bikinsa da su.

Baba Mai Carbi:
'Yata, "zaɓi" ba "bi" ba ne, mai lanƙwasa ce. Tara goro biyu, fari.

'Yata, girkinki na sara,
Amma batun kyauta da gyara,
Mai ɗauka ya kai, shi ma ya tara,
Sunansa na nan cikin babi.

Manomin Hunkuyi:
Kuna ta zancen kwalba, ni itacen nake hange. Inabi nake nomawa a nan Kudan, jihar Kaduna, don haka a ba ni fili.

Ɗan'uwa, mu ma muna da shi,
A Hunkuyi gata muke yi mishi,
Waya da turaku, mu ɗaga shi,
A tsaye muke yin girbi.

Namu na ci ne, ba na matsa ba,
Kwali yake shiga, ba tanki ba,
Baba bai taɓa yi mana wa'azi ba,
Sai dai ya aiko a ba shi rabi.

Damina ce ke ba mu wuya,
Ganye ya ruɓe ɗaya bayan ɗaya,
Tsuntsu da jemage su biyo baya,
Da rani kuwa ban-ruwa wajibi.

To mai da kwalba, ka roƙo reshe,
Ka naɗe a tsumma kar ya bushe,
In dasa a kunyata ta ƙarshe,
In sa masa "Ɗan Maraɗi" laƙabi.

Ɗan Maraɗi:
Na gode Baba, na gode Yaya. Bari in fara sallamar na Hunkuyi, don tasa ta fi sauƙi. Maigidan gonar ya ba mu wannan labari wani dare muna cin abinci.

Na Hunkuyi, ka yi haƙuri,
Reshe ba ya ƙetare iyaka da sauri,
Sai da takardar masu duba iri,
Kuma tsoron nasu da sababi.

Wajen 1863 aka fara gani,
Ƙwaro ɗan mitsili, ba a sani,
Daga Amurka ya biyo dashen wani,
Ya ci saiwa, gona bayan gona ya bi.

Filoksera ake kiran shi,
Duk dabara ta kasa kau da shi,
Sai aure: saiwar Amurka a ƙarƙashi,
Reshen Faransa ya hau gurbi.

Kamar mangwaro mai aure ne,
Kuma Gamay ba na tire ba ne,
Mai saye zai ce: wannan mene ne?
Ya tofar, ya nemi naka inabi.

Tun 1395 ma an kore shi,
Mai mulkin Burgundi ya ce a tuge shi,
Dutsen Bojole ya karɓe shi,
Baƙo ne kamar ni, mai neman nasibi.

Baba, na yi lissafi a zuciya,
Kwalba guda, kilo da ɗoriya,
Bokitan da na cika tun safiya
Sun isa su firgita mai hisabi.

Amma zubarwar ce ke min nauyi,
Afrilun 2021 sanyi ya yi,
Toho ya daskare a kowane layi,
Suka kwan hura wuta, suka tsira da rabi.

Matar ita ta ɗaure min ciwo,
Ba alade a abin da ta kawo,
Har ta tambaye ni yadda ake tuwo,
In kai guminta kwata? Ina ladabi?

In na buɗe su na bar su a rana,
Su zama khal, ruwan tsami, bayan 'yan kwana,
In zuba a salak in ci abina,
Baba, ko nan ma akwai zunubi?

Baba Mai Carbi:
Yaro man kaza. Kai kana tsammanin kai ka fara wannan tunani?

Ɗana, an riga ka dabara,
An tambayi Manzo a kanta ƙarara,
"A'a" ya ce, daga nan bai ƙara,
Sai in ita ta juye ba sababi.

Akwai saɓani, ban ɓoye ba,
Hanafawa ba su hana ba,
Ni dai ban ba ka wannan ba,
Tsoho ba ya wasa da hisabi.

Amma zancen matar ya kama ni,
Mai alheri ba a yi masa raini,
Mayar mata, ka ce addini
Ya hana, ka faɗa da ladabi.

Uwar Biyu ta Jos:
Ashe dai tsohon yana da taushi. Na janye batun maƙwabci.

Baba, goro biyu, na biya tara,
Ƙanena, ga 'yar shawara,
Akwai ruwan da ba ya fara
Tsima, an dafa shi tun ran girbi.

Shi ka roƙa, ka sa a firji,
Ranar Sallah in an soya kaji,
Shi ba ya faɗa da yaji,
Ko Baba zai sha ya ja carbi.

Ɗan Maraɗi:
Na dawo. Ku yi haƙuri da baitocin, a cikin jirgin ƙasa nake rubuta su da yatsa mai ciwo.

Na koma da safe, ana aiki,
Maigida na saman tanki,
Ƙofa a wangale, don iskar ɗaki
Kan kashe mutum, ba sara ba harbi.

Na miƙa kwalabe, na yi bayani,
Ya yi jim, fuskarsa ta dame ni,
Ya ce, "Da ka faɗa, ai da na sani,"
Ya mai da su kanta cikin gurbi.

Ruwan da Yaya ta ce, babu shi,
Bana duk tanki ya cinye shi,
Matar ta ce in jira, ta tashi,
Ta cika min kwali da inabi.

Ta ce baɗi in dawo Satumba,
Ban ce e ba, ban ce a'a ba,
Baba, kar ka harare ni, ban yanke ba,
Kuɗin ɗaki shi ma wajibi.

Yanzu ina jirgin Liyon a zaune,
Farce da tafin hannu a rine,
Na Hunkuyi, na faɗa ma, ƙwallo ne,
Na tofar da abin da ya fi rabi.

Uwar Biyu ta Jos:
Ka goge hannun da lemon tsami, rinin zai fita. Farcen kuwa sai haƙuri.

Manomin Hunkuyi:
Kai ɗan'uwa, daina tofarwa ta taga! Tara min ƙwallayen a takarda. Baba, a duba mana, shi ma ƙwallon yana cikin goman?