Neman kalma: me za mu kira "alegori" a Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za a naɗi shirin rediyo kan littafin Sinawa, Tafiya Zuwa Yamma, bugun 1592 mai babi 100. A babi na 14 Sun Wukong, birin da ke cikin labarin, ya kashe 'yan fashi shida waɗanda sunayensu ke nuni da ido, kunne, hanci, harshe, jiki da tunani. Taken babin ma Birin Zuciya ya kira shi. Wace kalma ce za ta ɗauki wannan salo na alegori, wato labarin da ke ɗauke da wata ma'ana ta biyu bayan ta fili?

Malamar Adabi: Wa alaikumus salam. Alamtarwa ta yi kaɗan, don ita abu guda ne ke tsayawa a madadin abu guda. A nan labarin ne gaba ɗaya: biri zuciya mai tsalle-tsalle, doki niyya, Zhu Bajie, abokin tafiyar birin mai siffar alade, kwaɗayi. Zoben da Guanyin, abar bautar mabiya addinin Buddha, ta sa aka ɗaura wa birin a ka, wanda ke matse shi idan malaminsa Sanzang ya karanta addu'a, shi ne linzamin zuciyar. Doguwar siffantawa nake gani.

Bazazzagi: Malama, kinaya fa?

Ɗan Damagaram: Kinaya Larabci ce. Kullum sai mun yi aro? Na daɗe ina cewa "labari mai zaure": a shiga zaure, sannan cikin gida. Daga nan zaurance ya fito.

Malamar Adabi: Malam, zaurance ɓoye magana yake yi. Wannan littafi bai ɓoye ba, a taken babi yake faɗa. Kuma littafi da hikaya da kake rubutawa kullum, daga ina suka zo?

Ɗan Damagaram: Ku 'yan jami'a, in ba daga ajinku kalma ta fito ba, ba Hausa ba ce. Wane manomi ne zai gane doguwar siffantawa?

Bazazzagi: A yi haƙuri. Na janye kinaya. Amma a gwada kowace kalma da babi na 58, inda birai biyu masu kama ɗaya suka gwabza, taken kuma ya ce zuciya biyu. Mai saurare zai so a ce masa labarin misali ne.

Mai Fassara: Na gode. A iska zan ce "labarin misali", a rubutaccen bayani in sa doguwar siffantawa.

Ɗan Damagaram: Misali ma Larabci ne. To, a yi na Alhamis haka, amma ban janye zaurena ba.